Ƙafar Dama Tana Agege

Nima, Accra
Fabrairu, 1981

Zuwa ga Yayana Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan, kuma kasuwar takalma tana tafiya a Agege. Mma tana gaishe ka. Gwiwar ce dai har yanzu, in ta zauna sai an kama ta kafin ta miƙe. Matarka Yaya Alima tana gaishe ka, ita da 'yarka Amama, wadda bakinta ya buɗe yanzu har ba a hutawa a gida. Shekaranjiya ta tambaye ni ko babanta a cikin rediyo yake, don ta lura duk lokacin da aka ambaci Legas sai mu matsa kusa da shi.

Yaya, wata bukata ce ta sa na ɗauki alƙalami. An ce za a ɗauki sababbin sojoji bayan ƙaramar salla, kuma na sa raina. Na gaji da aiken shagon Alhaji Moro a Tudu, kullum daga wannan tasha zuwa waccan da kaya a ka. Na shiga ƙungiyar motsa jiki ta samarin unguwa, wadda Osumanu tsohon ɗan dambe yake ja. Bayan sallar asuba muna gudu, ranar Lahadi kuma mu hau motar haya ta trotro zuwa Ayi Mensah, daga can mu hau dutsen Aburi a ƙafa. Numfashi ina da shi, Osumanu da kansa ya faɗa. Takalmi ne babu. Silifan da nake sawa na ɗaure shi da waya har wayar ta fara cin tsakanin yatsuna.

Ba uku nake roƙo ba. Ɗaya tak, amma wanda zai yi mini duka: in yi gudu da shi, in hau dutse da shi, in je Tudu da masallacin Juma'a da shi ba tare da na ji kunya ba. Osumanu ya ce kada ya zama farin kambas, don kwatar Nima za ta gama da shi a mako guda. Kada kuma ya yi nauyi irin na 'yan kamfanin gini, ba a gudu da wannan. Ya ce ƙasansa ya zama roba mai haƙora saboda santsin gangara. Sauran kai ka fi mu sani, tunda a cikinsu kake yini.

Ga zanen ƙafata a takardar da ke ciki. Yaya Alima ce ta zana da yamma, don an ce ƙafa tana ƙara girma in an yini a kanta. Tana zanawa tana dariya, wai mijinta ƙarami, wato ni, ƙafarsa kamar kwalekwalen masunta na Chorkor.

Allah ya ƙara buɗi, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙaninka mai biyayya,
Zuberu


Agege, Legas
Maris, 1981

Zuberu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Ka gaishe da Mma, ka ce ina yi mata addu'a.

Soja, ka ce. Na yi dariya har mai shago ya tambaye ni lafiya. Na tuna ranar da karen gidan Akwele ya bi ka, ka haye katangar makaranta ka bar wandonka a jikin ƙusa. To, Allah ya sa ƙasar Ghana ta amfana.

Na duba maka. An buɗe wata dila ta gwanjo daga Turai, na tsinci wanda ya dace. Fata ce mai laushi, launin ƙasa, ko ya sha jar ƙura goga ɗaya ta ishe shi. Ƙasansa roba ce mai haƙora, amma ba ta da kaurin da zai ja maka ƙafa. Na lanƙwasa shi, daidai gindin yatsu yake karyewa, ba a tsakiya ba, wannan shi ne na gudu. Na matsa diddigensa da ƙarfi bai lotsa ba, wannan kuma shi ne na dutse. Na ɗora shi a kan zanenka, akwai sararin babban yatsa guda a gaba, don kada farcenka ya mutu a gangara. Wanda ya sa shi a can bai ci ko rabin rabinsa ba. Mutum biyu sun taya na hana.

Na ba Hajiya Adisa mai fatauci ƙafar hagu ta kawo maka. Ka san hanyar nan hannaye sun yi yawa, cikakken takalmi ba ya isa Accra, amma ba mai ɗaukar wari guda. Ƙafar dama tana nan a wurina.

Yanzu ga tawa bukatar. Shekarata ta biyu ke nan ban taka Nima ba, kuma mutane suna zuwa nan da maganganu. An ce Alima ba ta zaman gida. Ina so ka zama idona. Ina take zuwa, da wa take tsayawa, wa yake shigowa, yaushe take dawowa. Ka rubuto mini komai, kada ka tace. Kada Mma ta ji, kada ita ta ji. Ran da na gamsu da aikinka, ƙafar dama za ta kama hanya.

Na lura ita ce ta riƙe ƙafarka tana zanawa tana dariya. Ban ce komai ba.

Yayanka,
Mas'udu


Nima
Afrilu, 1981

Yaya Mas'udu,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da godiya marar iyaka. Allah ya saka, ya ƙara arziki.

Hajiya Adisa ta kawo shi a naɗe cikin ɗankwali. Wallahi Yaya, kamar a ƙafata aka ɗinka shi. Na sa, na ɗaure igiya, na taka tsakar gida, sai na ji kamar ƙafa ɗaya tana kan katifa ɗayar tana kan tsakuwa. Mma ta yi dariya har da hawaye, ta ce ɗanta na Legas ya aiko mata da gurgu. Na gaya musu maganar hannayen hanya, suka ce ka yi dabara.

Game da abin da ka sa ni, na sa ido kamar yadda ka ce, kuma ina murnar gaya maka babu komai. Yaya Alima kafin kiran asuba ta hura wuta. Wake da shinkafa take dafawa ta kai bakin lungu kusa da famfo, kafin hantsi ya ƙare. Daga nan ta yi wa Mma wanka, ta shafa mata man zafi a gwiwa. Fitar da ake gaya maka ita ce zuwa Kasuwar Malam Atta sayen wake da karan dafi da busasshen kifi, wani lokaci Tudu in motar arewa ta sauke buhuna. Amama tana goye a bayanta. Mai shigowa wurinta ƙawarta Fusena ce kawai, su yi kitso su tashi. Gaskiya Yaya, tun da aikenka ya yi nisa, daga tukunyar nan tata muke ci, mu duka.

Ni kuma Lahadin da ta wuce na sha wuya. An yi ruwa da dare, gangarar Aburi ta yi santsi, silifan ya tsinke ina tsakiyar saukowa, na tafi da gwiwa. Farcen babban yatsan dama ya ɗaga, sai da Osumanu ya ɗaure mini da tsumma. Wani ɗan iska a cikinmu ya ji labarin warin takalmin, yanzu duk ƙungiya Sajan Hagu suke kirana. Har yaran lungu sun ɗauka, in na wuce su sara mini suna ɗingishi.

Hajiya ta ce za ta koma ƙarshen wata. Don Allah a ba ta ɗayan. Ina so in saba da shi tun kafin azumi, Osumanu ya ce ba a shiga gwaji da takalmin da ƙafa ba ta san shi ba.

Mma da kowa suna gaisuwa.

Ƙaninka,
Zuberu


Agege
Mayu, 1981

Zuberu,

Salam. Na ce ka zama idona, ka zama maroƙinta. Shafi guda cur kana yabon tukunya. Da alama wake ya toshe maka ido.

Matar da mijinta ya yi shekara biyu ba ya nan, kullum tana kasuwa da tasha cikin direbobi da 'yan dako, ka ce mini babu komai? Ko dai ba ka duba ba, ko ka gani ka rufe. In ka rufe ne, sai in tambayi kaina dalili.

Bari in gaya maka wani abu. Akwai wani bawan Allah da ke zama a ƙofar masallacinmu, jirgin ƙasa ya cire masa ƙafar hagu. Ta dama ce ta rage masa. Ranar Juma'a na kai masa takalminka ya gwada. Ka ga yadda ya zauna masa? Har addu'a ya fara yi mini, na ce ya dakata tukuna, akwai wanda ya riga shi, amma ban sani ba ko yana so da gaske.

Hajiya Adisa ta taho hannu wofi. Za ta sake zuwa sau ɗaya kafin azumi. In takardarka ta gaba irin ta baya ce, na yi sadaka, kai kuma ka nemi mai ƙafar hagu a Nima ka yi taka sadakar.

Mas'udu


Nima
Mayu, 1981

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri in takardata ta ɓata maka rai, ba nufina ba ne. Don Allah kada ka ba mutumin nan. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba tun da na karanta.

Na ƙara sa ido. Abin da zan faɗa, abin da idona ya gani ne kawai, ban ƙara ba, kuma ni ban ce yana nufin wani abu ba.

Akwai wani direban babbar mota da ke ɗauko wake daga Bawku ya sauke a Tudu. Dogo ne, baƙi, da tsaga a kumatu. Ranar Talata dab da magariba ya kawo Yaya Alima har bakin lungu, tana zaune a gaban mota kusa da shi. Da ta zo sauka ya riƙe mata hannu. Shi ya ɗauko buhun a kafaɗa har tsakar gida. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta zuba masa abinci a kwanon nan naka mai murfi. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu na arewa, tana dariya. Ya ɗauki Amama ya ɗora a cinya, yarinyar ba ta yi ƙiwa ba, alamar ta saba da shi. Mma tana ɗaki a kwance lokacin.

Wannan ba shi ne zuwansa na farko ba. Kuma da zai tafi ta raka shi har titi, ba ta dawo ba sai da aka idar da salla.

Shi ke nan abin da na gani. Kai ne babba, kai ka san yadda za ka auna. Ni dai roƙona kada ka ɗauki zafi, wataƙila in ka tambaye ta a hankali za ta yi maka bayani.

Farcen ya fita gaba ɗaya, sabo ya fara tsirowa. Hajiya za ta taso ranar Alhamis. Ina jira.

Ƙaninka mai biyayya,
Zuberu


Maamobi
Yuni, 1981

Zuwa ga Baban Amama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zaman baƙunta. Da hannuna na rubuta wannan, ban je wurin mai rubuta wasiƙa ba. In ka ga ajamina ya karkace ka yi haƙuri.

Takardarka ta zo. Liman ne ya karanta a tsakar gida, gaban Mma da mutanen haya. Saki uku. Kuma in bar gidan a ranar, kuma in bar Amama. Tukunyar gobe tana jiƙe lokacin, ban san wa ya zubar da waken ba.

Ka rubuta wai an gan ni da wani dogon direba mai tsaga. Baban Amama, Fuseini ne. Ɗan yayar uwata. Uwarsa ta rasu yana jariri, uwata ta shayar da mu tare, nono ɗaya muka sha. Shi ne ya ɗauko kayan aurena a motarsa ya kawo gidanku, kai da kanka ka ba shi goro a bakin ƙofa. Amama Kawu take kiransa. Yana kawo mini wake daga Bawku ne don na Malam Atta ya yi tsada, in ba haka ba da tuni na sauke tukunya, da ban san abin da uwarka za ta ci ba. Kwanonka na ba shi, gaskiya ne. Shi ne kwano mai kyau da ya rage a gidan, sauran na sayar lokacin da Mma ta kwanta asibiti.

Duk gidan an san Fuseini. Shi ya sa na rasa wanda ya kai maka wannan magana ba tare da suna ba. Na zauna na bi mutanen lungu ɗaya bayan ɗaya a raina, ban ga wanda na yi wa abin da zai yi mini haka ba.

Mma ta yi kuka ta ce ba da yawunta ba, amma ta ce ba za ta iya tsallake maganarka a kan yarinya ba, kai ne uba. Da zan fita Amama ta riƙe zanena, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ina jin muryarta har na kai famfo.

Allah ya saka wa Zuberu da alheri. Shi ya ɗauki akwatina a ka har gidan kawuna a Maamobi. Duk hanya bai iya ɗaga ido ya kalle ni ba, don tausayi. Da muka isa na ba shi ruwa ya kasa sha. Ka riƙe yaron nan da kyau, ka aiko masa da ɗayan takalmin, ya daɗe yana jira.

Aure ya ƙare, na sani, uku ba ta gyaruwa. Abu biyu nake roƙo. Ka rubuto wa liman cewa Fuseini ne, don sunana ya wanku, yanzu ko famfo na je mata sai su yi shiru. Kuma ka ba ni 'yata. Ba ta cin abinci in ba ni na ba ta a baki ba.

Azumi ya kusa. A riƙa jiƙa wa Mma koko ba yaji, yaji yana tayar mata da ciki.

Na bar ka lafiya.

Alima


Agege
Yuni, 1981

Alima,

Wa alaikis salam. Na karanta.

Ba zan rubuta wa liman komai ba. Abin da na rubuta na rubuta. Yarinya tawa ce, a gidan ubana za ta zauna.

Kin ce kin bi mutanen lungu kin rasa mai kawo magana. Kin yi nisa da nema. Ba baƙo ba ne, ba maƙwabci ba ne. Wanda ya ɗauki akwatinki a ka, shi ne. Shi ya ƙirga mini zuwan direban, shi ya gaya mini na kwano, shi ya ce an riƙe miki hannu. In da suna a maganar, shi ya san inda ya ajiye shi, ni bai aiko mini ba.

Kin roƙa masa takalmi, na amsa miki wannan. Ladan aikinsa ne. In kina son gani, ki dubi ƙafarsa ranar Juma'a.

Wassalam.

Mas'udu


Agege
Yuni, 1981

Zuberu,

Salam. Ga ƙafar dama nan wurin Hajiya. Na goge maka shi, na sa sabuwar igiya. Kada ka shanya shi a rana in ya jiƙe, fatar za ta tsage. Ka cusa masa tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa.

Tun layin farko na gane Fuseini ne. Dogon direba mai tsaga daga Bawku, nawa ne a rayuwar Alima? Kai ma ka san na gane. Na ji daɗi da ka bar sunan a aljihunka, ashe kana da kai.

Tunda ka girma, bari ka ji. Mai shagonmu zai ba ni 'yarsa Mulikatu, kuma zai buɗe mini nawa shagon a Oshodi. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya ba mai mata a wata ƙasa. Da na saki Alima haka kawai, Mma za ta ɗaga mini nono, ka san yadda take ji da ita. Shi ya sa nake bukatar shaida daga cikin gida, daga bakin ɗan autanta.

Na gaya wa Alima kai ne. Danginta za su nemi wanda za su zaga, ni kuwa ina nesa, kai kana kusa. Soja ai ba ya tsoron baki.

Ka kula da Mma da yarinya. In an ɗaura zan aiko da goro.

Yayanka,
Mas'udu


Nima
Yuli, 1981

Zuwa ga Yaya Alima,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Ina fata kina lafiya, ke da kawunki da mutanen gida. Na zo sau biyu aka ce ba kya nan, alhali ina jin muryarki a ciki. Shi ya sa na ba Fusena wannan ta kawo miki.

Na san abin da Yaya ya rubuto miki. Ina so ki fahimta, ni ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na gani na faɗa. Bai tambaye ni suna ba. Har cewa na yi ya tambaye ki a hankali, Allah ne shaida. Kuma da ma ya riga ya yanke shawara, aure zai yi a can, ko na rubuta ko ban rubuta ba sakin zai zo. Ni matsa mini aka yi. Ke kin ga yadda farcena ya fita, kin ji sunan da yara suke kirana.

Gida ba daɗi. Fusena ta baza maganar a famfo, ta kai kunnen Mma. Tun ranar ba ta yi mini magana ba, in na miƙa mata ruwan alwala sai ta juya fuska bango. Matar wani ɗan haya ce take taimaka mata da wanka in ta ga dama. Kokon da nake sayowa ba ta sha. Amama ta rame. Sau biyu tana sulalewa ta kama hanyar Maamobi ita kaɗai. Na biyun har ta kusa babbar kwata, ga ruwa ya cika ta. Allah ya sa ina sanye da takalmin, na bi ta a guje cikin taɓo ban zame ba, na cafke ta. Ta cije ni a hannu tana kiran sunanki. Yanzu Mma tana ɗaura mata zane a ƙugu ta riƙe bakinsa.

A ƙungiya ba wanda ya ce mini komai, amma in muna gudu sai in ga gefena ba kowa. Osumanu ya daina kiran sunana. Lahadi ni kaɗai na hau Aburi kafin rana ta yi zafi, na riga kowa kaiwa sama, na zauna ba wanda zan gaya wa.

Abu biyu nake roƙo, don darajar Mma. Na farko, in na tafi bayan salla ba mai kula da ita. Ki riƙa zuwa da rana ko na ɗan lokaci ne, ta haka kin ga Amama ma, Yaya ba zai sani ba. Na biyu, na ji an ce kawunki yana son kai magana wurin liman. Don Allah ki hana shi. Wurin ɗaukar soja ana bukatar takardar shaidar hali daga limamin unguwa, kuma bai sa mini hannu ba tukuna. In wannan magana ta je gabansa, duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Abin da ya faru ya riga ya faru, ɓata ni ba zai dawo miki da aure ba.

Ke mai haƙuri ce, kowa ya sani.

Ƙaninki,
Zuberu


Maamobi
Yuli, 1981

Zuberu,

Wa alaikas salam. Barka da shan ruwa.

Ranar Juma'a na tsaya tsallaken titi har aka fito daga masallaci. Na gani. Yana da kyau, ya yi maka daidai.

Daga gobe Fusena za ta riƙa kawo kwano kafin magariba. Na Mma ne da Amama. Kada ka sa hannu a ciki.

Ba kawuna ne zai je wurin liman ba. Ni na je da ƙafata, tun kafin takardarka ta zo. Ya sa zama ranar Asabar bayan la'asar, a kan maganar Amama. Fuseini zai zo daga Bawku. Mma ta ce ko a kujera ne a ɗauko ta. Za a tambaye ka abin da ka gani, da sunan wanda ka gani, da abin da aka ba ka.

Ka zo da shi a ƙafarka. Liman zai so ya gani.

Ka gaishe mini da Mma. Ka gaya wa 'yata ina zuwa.

Wassalam.

Alima